Ludayi Ɗaya Daga Gangar Konte

Kwalbar da Duilio Cencetti ya cusa a aljihun kwat ɗinsa babu komai a cikinta. Sau uku ya wanke ta da tafasasshen ruwa, ya kife ta a taga ta bushe, sannan ya naɗe ta cikin tsohon ɗankwalin matarsa. Yanzu ga shi cikin bas mai gangarawa birnin Firenze da sanyin safiyar Disamba, duk ramin da taya ta faɗa sai kwalbar ta dungure shi a haƙarƙari.

"Baba, me ya kumbura maka aljihu haka?" in ji 'yarsa Loretta, wadda ke zaune kusa da shi.

"Magani ne."

"Shekara ashirin da biyar ina sayar da magani a kanti, ban taɓa ganin mai girman gwangwanin tumatir ba."

"Na tsufa ne. In kin kai, kya sha naki."

Loretta ta harare shi, ta mai da kai ga taga. Ita dai abin ya ɗaure mata kai tun ranar Litinin. Mutumin da tun tana ƙarama take jin yana tsine wa gidan Torrebassi, wanda in ya ga kwalbar giyarsu a kanti sai ya kau da kai yana tsaki, shi ne ya buga mata waya ya ce ta yankar musu tikitin shiga fadarsu. Ta tambaye shi dalili, ya ce an hana tsoho kallon gini ne? Ta bar shi a haka, don tun rasuwar mahaifiyarta bara bai nemi a kai shi ko'ina ba sai maƙabarta.

Dalilin kuwa yana can ƙauye, a ɗakin ƙarƙashin rufin gidansa, kuma daga shi sai Allah suka san shi.

Kowa a tuddan nan ya san yadda ake vinsanto, giyar nan mai zaƙi da ake zuba wa baƙon kirki ɗan kofi guda. Ana shanya farin inabi a kan asabari tun watan Satumba har ya yamutse, a matse shi gab da Kirsimeti, a ɗura ruwan cikin 'yar ganga, a toshe bakin da siminti, a bar ta ƙarƙashin rufi shekara biyar tana shan zafi tana shan sanyi. Wannan kowa ya iya. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne baƙar lakar da ke kwance a gindin gangar, wadda tsohuwar giya ke bar wa sabuwa. Ita ake kira uwa. Ita ke tashin ruwan inabi ya zama giya, ita ke ba shi ɗanɗanon gidan da ya fito. Ba a wanke ta, kuma ba a barin ta ta bushe. Ta gidan Cencetti ta haura shekara ɗari biyu.

Yawancin waɗannan shekarun a gonar Torrebassi suka yi su, ta Poggio Secco, suna noman raba-daidai. Rabin alkama na Konte, basaraken mai gonar, rabin man zaitun na Konte, rabin inabi na Konte, kaza ma in ta yi ƙwai huɗu biyu na Konte ne. Shekarar da suka bar gonar, Duilio na da shekara ashirin, wakilin Konte ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ai uwar giyar ma a gonar ta tashi. Gangunan biyu ne. Mahaifinsa Gosto ya hau sama da kansa, ya sauko da ɗaya a kafaɗa, ya ɗora ta a motar wakili. Sai da suka yi nisa a hanya, ɗayar na ɗaure a bayan amalanke, ya dafa ta ya ce, "Duilio, an raba ta sau ɗaya, ba za a sake ba. Kuma kada ta mutu a hannunka."

Maganar farko Duilio ya riƙe ta hannu bibbiyu. Maƙwabcinsa Fosco ya roƙi ludayi ɗaya har sau uku, ya hana. Ƙanin matarsa ya roƙa, ya hana, suka yi shekara huɗu ba sa gaisawa. Fadan coci ma ya zo da murmushinsa ya koma da abinsa. Ko ganga ta biyu ta kansa bai yarda ya ɗiba mata ba, wai uwar za ta rage ƙarfi. Matarsa Argia takan ce, "Kai dai rowa za ta kashe ka, Duilio! Ludayi ɗaya fa, ba jininka Fosco zai sha ba." Shi kuma ya ce ta kula da tukunyarta.

Magana ta biyu ce ta kuɓuce masa. Bara war haka ya fasa simintin ranar Litinin, ya kwashe giyar cikin kwalabe, da niyyar ranar Laraba ya matse sabon inabi ya cika gangar. Ranar Talata da safe Argia ta faɗi a kicin da cokali a hannu. Kwana goma sha tara suka yi a asibiti, aka dawo da ita cikin akwati. Bai sake taka matakalar sama ba sai a watan Maris. Ya tarar inabin ya ruɓe a kan asabari. Gangar na nan baki buɗe yadda ya bar ta, lakar ta bushe ta tsattsage, koriyar fumfuna ta rufe ta, tsami na tashi. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Da Loretta ta tambaya, ya ce ya zuba wa uwar giya kaɗan ta rufe ta, barci take, baɗi sai su cika gangar tare, ya ma koya mata aikin.

To, baɗin ta zo. Inabin bana ya yamutse, ranar Lahadi Loretta za ta zo su matse, yau kuma Alhamis. A duk faɗin duniya wuri ɗaya ya rage da irin wannan uwar, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Fadar Torrebassi na nan yadda ya san ta: manyan duwatsu masu launin toka, zobban ɗaure dawaki a bango, tagogin ƙasa da sandunan ƙarfe. A gefen babbar ƙofa, daidai ƙugun mutum, ga 'yar tagar nan da ake miƙo wa talakawa giya ta cikinta a zamanin da, an toshe ta da katako. Duilio ya tsaya yana kallonta. Yana da shekara tara ya taɓa rako Gosto da amalanken shanu. Ta lungun baya suka sauke kaya, sannan Gosto ya zagayo ya ƙwanƙwasa wannan 'yar tagar, hula a hannu, aka miƙo musu burodi da cuku. Ko fuskar mai miƙowar ba su gani ba.

"Yuro ashirin da biyar kowannenmu?" ya ce da ya duba tikitin. "Shekara ɗari biyu muna kawo musu rabin guminmu, yanzu kuma sai mun biya mu ga inda suka zuba shi!"

"Kai ka ce mu zo, Baba. Rage murya."

Su goma sha biyu ne, yawanci baƙi masu rataye da kyamara, sai wata siririyar budurwa da ke musu jagora, mai magana kamar an kunna rediyo. Ta zagaya da su tsakar gida mai ginshiƙai, ta hau da su bene, ɗaki bayan ɗaki, rufi cike da zanen mala'iku, bango cike da hotunan kakanni masu dogon hanci. Ta ce ƙarni shida ke nan wannan zuri'a tana noman inabi.

"Noman inabi," in ji Duilio a kunnen Loretta, da muryar da shi a zatonsa raɗa ce. "Dubi hannayensu a hoton nan. Akwai wanda ya taɓa riƙe almakashi a cikinsu?"

"Baba, don girman Allah."

Surutun na ɓoye tsoro ne. Yana ta bitar maganar da ya kwana uku yana shiryawa: ni ɗan Gosto ne na Poggio Secco, na zo roƙon ludayi ɗaya. Duk sanda ya zo kan roƙon sai ya koma farko.

A ƙarshe jagorar ta sauko da su wani ɗaki a gefen tsakar gida, ta sassauta murya kamar an shiga coci. A tsakiyar ɗakin, bisa ɗan dandamali, an kewaye ta da jar igiya, fitila na haska ta daga sama, ga 'yar ganga.

Numfashin Duilio ya ɗauke. Ita ce. Ga gicciyen da kakansa ya sassaƙa da wuƙa kusa da bakin, ga zoben ƙarfe na uku da ya ɗan karkace tun ranar da ta suɓuce wa Gosto a matakala. 'Yar'uwar gangarsa ta gida ce, babu ko tantama.

"Wannan ita ce zuciyar gidan nan," in ji jagorar. "A cikinta uwar vinsanto ɗinmu take, tana raye fiye da shekara ɗari biyu. Duk kwalbar da za ku saya a kantinmu na bakin ƙofa akwai ɗigonta a ciki."

Tana raye. Sai da idonsa ya kawo ruwa. Nan take, a tsaye, ya yafe wa Torrebassi rabin alkama da rabin mai da 'yar taga, duka. Bai san lokacin da ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar ba.

"Yallaɓai! Ba a taɓawa!"

Ya riga ya dafa ta. Katakon santsi yake, an shafe shi da man goge kujeru. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa cikinta sau biyu, yadda yake yi wa tasa tun yana saurayi. Cikakkiyar ganga ba ta amsawa, sai dai ta yi ɗan ƙugi a taƙaice ta yi shiru. Wannan kuwa ta amsa, ƙwal-ƙwal, har bango ya maimaita. Ya sunkuya ya kai hanci bakinta. Babu ƙamshin busasshen ɓaure, babu na zuma, babu ko tsami. Ƙura ce kawai da man katako.

"Babu komai a ciki," ya ce.

"Yallaɓai, don Allah ka fito daga nan."

"Yarinya, na ce miki babu komai a ciki! Wannan gangar ta fi shekara hamsin rabonta da ruwan inabi. Ina kuka kai ta? Ina kuka juye ta?"

Baƙi suka ɗaga wayoyi. Loretta ta kama hannun kwat ɗinsa tana ba da haƙuri hagu da dama, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Jagorar ta ce ita abin da aka rubuta mata take faɗa, kuma za ta kira mai gadi.

"Kira shi! Ki ce masa ɗan Gosto Cencetti ne na Poggio Secco. A kafaɗar ubana wannan gangar ta bar gida!"

Muryarsa ta fita tsakar gida ta hau sama. Can a barandar bene na biyu, inda masu gidan suka rage wa kansu 'yan ɗakuna, wani ya buga sanda a jikin ƙarfe sau uku. Wata gajiyayyiyar murya ta sauko: "A hawo mini da shi."

Konte Bindo Torrebassi na zaune a keken guragu, bargo biyu a gwiwa, robar iska a hanci. Sa'an Duilio ne. Rabonsu da ganin juna tun suna samari, lokacin da ake kai ɗan Konte gona kallon girbi da fararen takalma. Yanzu hancin kakannin kawai ya rage a fuskar. Ɗakin da aka turo shi ciki na warin magani, fentin rufi na ɓarewa, an ajiye bokiti a kusurwar da ke yoyo. Masu tikiti ba sa hawowa nan.

Hannun Duilio ya tafi ga hularsa ba da izininsa ba. Ya ji haushin hannun, amma hular ta riga ta sauka.

"Ɗan Gosto," in ji Konte. "Kai ne ka tura ni cikin kwatamin aladu."

"Kai ka fara jifana da tuffa, ranka ya daɗe."

"Haka aka yi." Ya yi wata dariya da ta rikiɗe ta koma tari. "Zauna. Wannan 'yarka ce? Zauna, 'yata. Shekara goma sha biyar gangar nan tana ƙarƙashin fitila. Masana sun zo, 'yan jarida sun zo, ba wanda ya yi tunanin ƙwanƙwasa ta."

"Ina kuka juye ta?" in ji Duilio.

"Ba mu juye ta ba." Konte ya sunkuyar da kai ga bargonsa. "Mahaifina ya yi murna da ita ƙwarai. Ya ce abu mai daraja haka ba zai zauna a ƙauye ba, a kawo shi birni. Wakili ya ce to a hau da ita ƙarƙashin rufi. Mahaifina ya ce ƙarƙashin rufi wurin tattabaru ne da 'yan aiki. A gidansa giyar kirki a ɗakin ƙasa take kwana, tare da manyan kwalabe."

"Ɗakin ƙasa?" Duilio ya yunƙura kamar zai miƙe. "Vinsanto a ɗakin ƙasa? Ai ko jaririn ƙauye ya san..."

"Mu ba jariran ƙauye ba ne, ka ji inda matsalar take. Shekara guda ta yi a can. Sai kogi ya zo."

Ba sai ya faɗi shekarar ba. Duk wanda ya tsufa a ƙasar nan ya san Nuwambar da kogin Arno ya shigo birni har wuyan ƙofofi.

"Kwana uku tana ƙarƙashin ruwa. Da aka fito da ita toshiyar ta fice, cike take da taɓo da baƙin man ɗumama gida. Ni na wanke ta da hannuna. Tun daga nan garin yisti muke saya a leda, kamar masu gidan burodi. Labarin da yarinyar can take bayarwa, masu talla suka rubuta, ni kuma na sa hannu."

Duilio ya koma ya zauna, kwalbar ta dungure shi. Ashe shekara hamsin da takwas yana tsine wa mutanen nan a kan abin da ba su da shi. Wata tara kuma yana kwana yana tashi da tunanin gangar nan, yana ce wa kansa in ta ƙure ai akwai ta birni. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

"Sau uku ina rubuta maka wasiƙa," Konte ya ci gaba. "Suna cikin aljihun teburin can, da kan sarki a jikinsu. Duk ran da zan aika sai in ji muryar mahaifina: Torrebassi ba ya roƙon manominsa. Girman kai rawanin tsiya, ɗan Gosto. Amma ka san abin da ya riƙe ni? Duk Kirsimeti in na ɗaga kofin ruwan sukarin nan da muke sayarwa, sai in ce ba komai, ta gaskiyar tana can kan tudu wurin su Cencetti, su ba sa wasa da abu." Idonsa ya sauka a kan kwat ɗin Duilio, ya tsaya. "Me ke aljihunka? Kada dai ka ce mini ka kawo..."

"Magani ne."

Ya ji Loretta ta juyo ta dube shi. Bai dube ta ba.

"To, to." Konte ya lumshe ido ya buɗe. "Likita ya ce in na ga Ista na yi sa'a. Faɗa mini abu ɗaya kawai. Tana raye?"

Gaskiya ta zo har bakin Duilio. Da an aiko wasiƙar nan shekara biyu da suka wuce, ko goma, da yau akwai abin ɗiba a gidan nan. Amma shi ma ya san halinsa: da ta zo, da ya karanta ta sau biyu don daɗi, ya jefa ta murhu. Jirgi ɗaya ya kwaso su. Ya dubi tsohon nan mai roba a hanci ya ji tausayinsa, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashin tausayin, kuma ba mai kyau ba ne. Gosto ya mutu bai ga ranar da Torrebassi zai ɗaga ido ya dubi Cencetti yana jira ba. Ga ranar ta zo, Duilio kuma ya kasa sakin ta.

"Tana nan, ranka ya daɗe."

"Har yanzu tana ƙunƙunin nan nata?"

"In aka cika ta aka toshe, kafin kwana takwas ka sa kunne za ka ji ta. Kamar kullum."

Hawaye suka biyo gefen robar. Konte ya miƙo hannuwansa masu sanyi, duka biyun, ya kama na Duilio.

"Na roƙe ka, Duilio. Ludayi ɗaya. Ba don kanti ba. In sa a mai da ita gangarta, a hau da ita ƙarƙashin rufi, in mutu na san na gyara abu ɗaya."

"Bayan Kirsimeti," in ji Duilio. Muryarsa ta fito sumul, babu rawa, har shi kansa ya yi mamaki. "Zan aiko."

Suka sauko matakala, suka ratsa tsakar gida. Sai da suka fita titi, daidai 'yar tagar nan, ta tsaya ta zura hannu cikin aljihunsa, yadda uwarta kan yi in tana neman sigarin da ya ɓoye. Ta warware ɗankwalin. Ta ɗaga kwalbar, hasken rana ya ratsa ta ya wuce.

"Ashe roƙo muka zo," ta ce. "Tun yaushe?"

"A Maris na gani. Tun muna asibiti ta mutu."

"Wata tara! Wata tara kana duban tsabar idona kana cewa barci take. Na ɗauki hutu a wurin aiki, har littafi na saya don in rubuta abin da za ka koya mini." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ni wace ce a wurinka, Baba? Baƙuwa mai tikiti?"

Ya kafa ido a kan 'yar tagar, ita ta ci gaba.

"Kuma wancan bawan Allah zai zauna yana duban hanya."

"Ba zai daɗe yana duba ba."

"Kai, Baba! Ka ji abin da ya fito daga bakinka kuwa?"

Ya ji. Baƙin da suka zagaya tare suka fito ta babbar ƙofa, kowa da jakar takarda, kwalabe na ƙara a ciki. Wani ya nuna shi da baki, matarsa ta ƙunshe dariya.

"Babu wanda ka taɓa ɗiba wa?" in ji Loretta, muryarta ta sauka. "Ko cokali ɗaya? Fosco fa?"

Fosco ma ya shekara biyu a kabari, 'ya'yansa sun tsaga gangunansa gida biyu sun shuka furanni a ciki.

"Ban ba shi ba," in ji Duilio. "Ban ba kowa ba."

Ta ninke ɗankwalin mahaifiyarta ta sa a jakarta. Kwalbar kuma ta miƙa masa abinsa.

Ranar Lahadi ta zo duk da haka, da rigar aikinta, ba littafin. Inabi ba ya jiran kowa ya huce. Suka tsince ruɓaɓɓu, suka matse sauran, ruwan na fitowa da kyar, mai kauri, launin zuma. Duilio ya riga ya kankare cikin gangar ya turara ta da farar wuta. Da suka fara ɗurawa, ruwan ya faɗa kan katako tsirara da wata ƙara da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, sai da ya kau da kai. Loretta ta kwaɓa siminti, shi ya toshe.

"Zai tashi babu ita?" ta tambaya. Ita ce doguwar maganarta ta farko tun Firenze.

"Wani lokaci yakan tashi da kansa, daga abin da ya maƙale a katako. Wani lokaci ya zauna haka, ruwan sukari, har ya lalace. In ba a ji motsi ba, sai an fasa ake sani."

"Shekara biyar."

"Shekara biyar."

Shekararsa saba'in da tara. Suka wanke bokitai.

Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya sha kofi sai ya hau matakalar, yana hutawa sau biyu a hanya, ya durƙusa ya manna kunnen dama a jikin gangar, don na hagu ya daɗe da mutuwa. Kwana bakwai, shiru. Kwana takwas, shiru. Na tara ya ji wani abu, zuciyarsa ta buga, sai ya gane jininsa ne ke kai da komo a kunne.

Kwana na goma sha ɗaya, ana gobe Kirsimeti, Loretta ta shigo da cefane da hantsi ta same shi zaune a kicin, wasiƙa buɗe a gabansa. Takarda ce mai kauri da tambarin Torrebassi, rubutun na karkace yana gangarawa. Konte yana gaisuwa. Ya sa an cire gangar daga ƙarƙashin fitila, masu talla sun yi ta ihu bai saurare su ba. An kankare man, an jiƙa ta, an hau da ita ƙarƙashin rufi. A shirye take. Wannan karon ya aika wasiƙar, in ji shi, kuma bai ji muryar kowa ba.

Loretta ta karanta ta ajiye.

"Mu hau sama," in ji Duilio. "Kunnenki ya fi nawa."

Ɗakin da sanyi, ƙamshin busasshen inabi bai gama fita ba. Ta durƙusa, ta janye gashinta baya, ta manna kunne a katakon ta rufe ido. Ta daɗe. Yana tsaye a kanta, ya dafa ginshiƙin rufi, yana kallon bakinta.

"Kina jin wani abu?"

"Tana motsi, Baba."

"Da gaske?"

"Ƙasa-ƙasa. Amma tana motsi."

Muryarta sumul, babu rawa. Duilio ya san wannan muryar, mako biyu da suka wuce ya ji ta a bene na biyu, daga bakinsa. Ya buɗe baki zai sake tambaya, ya fasa. Da kyar ya durƙusa a ɗaya gefen, ya manna kunnensa na dama, gangar a tsakaninsu, ya riƙe numfashi.

"To, madalla," ya ce.